Jikana Da Kakarsa Ta Atonsu

Zangon Kumasi,
farkon watan Zulƙida.

Zuwa ga aminiyata Ajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Rafia da maigidanta da yara. Yaya ƙafar, yaya kuma daminar Tamale? Kunnen ba zan tambaya ba, don shi ya mai da ni marubuciya da tsufana. Ran nan da na kira ki a waya, duk layinmu sun ji sirrina, ke kaɗai ce ba ki ji ba.

Albishirinki, mutanen Jamus sun sauka. Wancan da ba na kiran sunansa, ɗan farin nawa, ya zo da matarsa Fareeda da ɗansu Fadil. Rabona da yaron tun yana goye, ga shi yanzu har ya fara famfara. Ajara, goshin marigayi maigidana ne da shi sak, har yadda yake ɗaga gira in an yi masa magana.

Ke shaida ce a kan yadda na yi da ubansa. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yi masa wasa ba. Gwaggonsa ce ta raine shi, ni ina kallo daga nesa kamar ɗan maƙwabta. Haka muka tarar, haka muka yi. Amma duk abin da na danne a kansa ajiya na yi, na ce in Allah ya ba shi ɗa, a kan jikan zan sauke, tunda babu kunya tsakanin kaka da jika. Saboda zuwansu na sa aka yi wa ɗakin baya fenti, na sayi gidan sauro sabo, na tara zabi har sun hana maƙwabta barcin rana.

To, ashe ba gidana za su sauka ba. Daga Ankara babban birninmu suka wuce unguwar Atonsu, gidan uwar Fareeda, wai can akwai janareta. Ni yini kawai aka kawo mini. Kin dai tuna ta, Hajiya Sala, tsohuwar nas ɗin nan mai tabarau da igiya a wuya. Ita ce ta je Jamus ta yi wa Fareeda wankan jego, ta sake komawa bara, shi ya sa yaron ya san ta kamar yunwar cikinsa. Oma yake kiranta, wai kaka ke nan a bakin Jamusawa. Ni kuwa da aka turo shi ya gaishe ni, sai ya miƙo hannu daga nesa ya ce mini Anti. Anti fa, Ajara! Abin da ake kiran mai sayar da ruwan leda a kasuwar Kejetia. Na yi dariya tare da kowa, amma da suka tafi ko abinci ban iya ci ba.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Yinin nan gaba ɗaya a cinyar Sala ya yi shi, yana wasa da igiyar tabaraunta, ita kuma tana ta Turanci ta hanci tana satar kallona. Ko ba ta kalle ni ba ma, ni dai na ga ta kalle ni.

Yanzu kuma wata sabuwa. Wai mutumin Jamus ya kama mana ɗakuna a wani otal na bakin teku can bayan Cape Coast, mu duka har da Sala. An biya komai tun daga can, ci da sha da wasan yara, ba mai ɗora tukunya. Ya gaya wa Fareeda ta gaya mini wai don iyaye mu huta ne. Wa ya ce masa na gaji? Amma kin san ba zan iya buɗe baki in musa masa ba. Na dai ƙulle garin masara da kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli, na cusa muciya da 'yar tukunya a ƙasan jaka. Sala ta fi ni Turanci, amma duk Kumasi an san tuwonta gudaji ne. Bari yaron ya ɗanɗana miyata tukuna.

Ki gaida Rafia da kyau. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Barkisu.

*

Daga bakin teku,
ranar Laraba.

Ajara 'yar'uwa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya, ƙafa kuma tana sauƙi. Mu ma lafiya ƙalau, in dai lafiyar jiki ake nufi. A nan nake rubuta miki, sai mun dawo in ba direban motar Tamale, don in na bari a cikina zai kumbura ni.

Gani ya kori ji. Wurin nan kyau kamar a kalanda, ga kwakwa, ga ciyawa an aske ta, ga teku yana ta haukansa. Amma tun daga ƙofa aka ɗaura wa kowannenmu wata roba a wuyan hannu irin ta marasa lafiya a asibiti, wai da ita za a san an biya mana. Yarinyar da ta kai mu ɗaki ta hango muciyata ta leƙo, ta yi murmushi mai ladabi, ta ce ba a girki a ɗaki, ba a kuma shigo da abincin waje. Tukunya da muciya da gari suka tafi ajiya. Ƙuli-ƙuli da yaji ne kawai suka tsira, don a cikin zanen sallah na naɗe su.

Abincin kuwa ga shi nan jere kamar walimar gidan mai kuɗi, amma naman ba ka san wanda ya yanka ba, kuma tiren alade na maƙwabtaka da na kaza, cokali ɗaya na yawo tsakaninsu. Shinkafa da dafaffen ƙwai nake ci safe da yamma. Rabin abin da aka biya mana ashe giya ce, Turawa na ta sha a madadinmu. Banɗaki ba buta, sai da na yanke gorar ruwa. Magariba na yi ake kunna kiɗa a bakin kwamin wanka, mata tsirara-tsirara suna tsalle. Ba ka jin kiran sallah, ba wanda zai leƙo ya ce yaya aka kwana.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai, akwai wasu samari da 'yan mata masu jar riga da aikinsu ke nan kwashe yara. Da an karya kumallo za su tafi da Fadil, sai yamma a dawo da shi fuska duk fenti, ya gaji liƙis, ya faɗa jikin Omarsa ya yi barci. An kawo ni tun daga Kumasi don in zauna da jikana, an kuma biya wasu su raba ni da shi.

Shekaranjiya na ce yau kam sai na gwada tawa. Kin san wasan da kowace kaka ke yi da jikanta namiji. Ke kanki kin sha ce wa naki jikan maigida, kina tsiyar bai kawo cefane ba, shi kuma yana ce miki tsohuwa mai ran ƙarfe. Da muka zauna cin abincin yamma sai na janye farantin Fadil, na haɗa fuska, na tattaro Turancina na kasuwa don ya ji da kyau. Na ce masa shi mijina ne, mummuna mai ƙaton kai, tunda ya zo bai ba ni ko sisi na cefane ba, in bai gyara ba zan kai shi ƙara, kuma daga yau ɗakina zai koma.

Ajara, ina jiran ya murguɗa baki ya rama. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ƙwalla ƙara ya ruga ya shige cikin mayafin Sala, yana gaya wa ubansa da Jamusanci wai shi ba zai auri tsohuwar nan ba, kada a bar shi a wurinta. Turawan teburin kusa suka ajiye cokula. Wata mai jar riga ta zo ta durƙusa tana tambayar ko lafiya. Uban ya yi dariya har da hawaye, sai da ya dubi fuskata sannan ya haɗiye sauran. Ashe ba wanda ya taɓa gaya wa yaron nan cewa a wurinmu da tsiya kaka take nuna so.

Tun daga ranar, in ya hango ni sai ya sake hanya. Sala ta zaunar da shi ta yi masa bayani, na kuma san da kyakkyawar niyya ta yi, amma wallahi bayanin nata ya fi kukan yi mini ciwo. Wai sai an yi wa jinina tafinta kafin ya san ina sonsa, kuma ita ce tafintar.

Ki sa ni a addu'a. Zuciyata ba daɗi kraa, ko kaɗan.

Taki,
Barkisu.

*

Zangon Kumasi,
ƙarshen Zulƙida.

Aminiyata Ajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Wasiƙu biyu za ki karɓa a haɗe, ki fara da mai yashi a jiki.

Mun dawo tun kwanakinmu ba su cika ba, kuma ba za ki taɓa cankar wanda ya jawo ba. Washegarin da na rubuta miki, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Ina buɗewa sai ga Hajiya Sala, ba tabarau, ido ya faɗa. Ta rufe ƙofa ta tambaye ni da Hausa tsantsa, ba ɗigon Turanci, ko gaskiya ne ƙanshin ƙuli-ƙuli take ji in na wuce. Ashe matar nan yunwa ke cinta. Tana da ciwon suga, abincinsu kuwa in ba zaƙi ba sai maiƙo, ta kuma kasa faɗa don kada surukinta ya ji ba daɗi. Muka baje zanen sallah a ƙasa, muka dandaƙa ƙuli da gindin kofi, muka barbaɗa yaji a kan kokwamba da tumatir da ta ɓoyo a jaka. Ta ci har tana lasar yatsa. Ban so na ji tausayinta ba, amma na ji.

Nan muka gane mun shiga tsaka mai wuya. Ita ba ta iya yi wa suruki magana, ni ba na iya yi wa ɗan fari. Manyan mata biyu, an rasa mai baki. Sai muka kira Fareeda muka ɗora mata. Ta dawo tana dariya, wai shi ma mutumin tun kwana na biyu ya ƙosa, dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi yake fita ci a ɓoye wurin masunta, yana daurewa ne don yana zaton muna jin daɗi. Kowa na cutuwa don kunyar kowa. Da safe muka karɓo muciyata muka kamo hanya.

Da muka iso, Sala da bakinta ta ce a sauka a Zango, wai janaretanta ya lalace. Ban yarda ya lalace ba, ban kuma bincika ba. Ɗakin da na yi wa fenti dai ya samu masu kwana.

Sauran hutun mu muka tsara abinmu. Mun ɗauki shatar trotro guda, motar hayar nan, muka je tafkin Bosomtwe da kulolin shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan, da zabin nan soyayyu, muka shimfiɗa tabarma, muka yi sallah a inuwa ba mai kallonmu. An kai Fadil Suame, unguwar makanikai, wurin kawunsa Khalidu, ya dawo baƙi ƙirin da man inji, bakinsa har kunne. Da safe koko da ƙosai da pinkaso, da yamma tuwon zafi da miyar ayoyo. Ya ci tuwona, Ajara, har ya nemi ƙari. Sai dai Oma ya miƙa wa kwanon, ita ta miƙo mini.

Har yanzu bai yarda mu haɗa ido ba. Abin da ya ɗauke masa hankali a gidan nan shi ne ragon layyata da ke ɗaure a gindin mangwaro. Ya raɗa masa suna Bruno. Shi ke ba shi dusa, shi ke wanke shi da sabulun wankan uwarsa mai tsada, har hira yake yi masa da Jamusanci, ragon na ta tuƙa kamar yana ganewa. Yaran layi sun zama abokansa saboda ragon. Ni kuwa ina zaune a bakin murhu ina kallon dabbar da na saya da kuɗina tana samun abin da ban samu ba.

Allah ya sa mu ga Sallah lafiya. Ki gaida kowa.

Taki,
Barkisu.

*

Zangon Kumasi,
bayan Babbar Sallah.

Ajara tawa,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi lafiya, an kuma ci nama da sauran haƙoran da suka rage. Saƙonki na dawa da man kaɗanya ya iso, Allah ya saka da alheri. Na ga inda Rafia ta rubuta cewa kin yi dariya har kin ƙware. Ba komai, ki ƙarasa da wannan.

Mutanen Jamus sun koma ana saura kwanaki kaɗan Sallah, saboda makarantar yaron. Ana jibi za su tafi, ɗaya daga cikin yaran layi ya nuna wa Fadil ragon, sannan ya ja yatsa a maƙogwaro. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji an kama mini hannu. Shi ne. Bai je wurin ubansa ba, bai je wurin Oma ba ko da yake tana zaune a wurin, don ya san ragon ba nata ba ne. Ya ja ni har gindin mangwaro, ya ɗora tafina a kan wuyan ragon, ya riƙe da nasa hannuwan biyu, yana magana yana kuka. Ban ji kalma ɗaya ba, ban kuma nemi tafinta ba. Sala ta yunƙura za ta taso, na yi mata wani kallo, ta koma ta zauna.

Na je wurin liman, ya ce tunda ba bakance na yi ba, babu laifi in sake wata dabbar. Sai na bar ragon, na shiga tarayyar yanka bijimi da mutanen gidan maƙwabcinmu Alhaji Abukari. Ranar Sallah duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tsaya ya dubi ƙaton rago yana tuƙa a tsakar gida, ya dube ni. Har an fara cewa Hajiya Barkisu ta fara ruɗewa. Su faɗa.

Yanzu duk Juma'a da yamma sai waya ta yi ƙara, irin kiran nan da ake ganin juna. Ba Atonsu ake kira ba, nan Zango ake kira. Na kuma kafa doka, ba a ganin Bruno sai an gaishe ni da Hausa. Ya iya ina wuni, ya iya lafiya lau, makon jiya har ya ƙaro yaya gajiya, yana faɗa yana leƙen bayana. Daga nan in tashi da ciwon gwiwata in je gindin mangwaro in riƙe wa rago waya har hannuna ya yi sanyi. Fareeda ta ce ya riga ya gaya wa ubansa hutu mai zuwa ba ya son teku, gidan Bruno za a kawo shi. Gidan Bruno, kin ji. Gidan da na yi aure a ciki, na haihu a ciki. Na bar kishi da nas mai tabarau na koma yi da dabba mai ƙaho, kuma ni ke dafa mata dusa.

Ga dalilin da ya sa na yi saurin rubuto miki. Tun shekaranjiya ragon yake tari, ya kuma rage cin abinci. Na kira mai maganin dabbobi ya yi masa allura, har Sala ta hawo mota daga Atonsu ta zo ta kara kunne a haƙarƙarinsa, amma hankalina bai kwanta ba. Don Allah ki sa mijin Rafia ya tambayi Fulanin da ke kawo muku nono abin da suke ba tumaki in damina ta kama musu ƙirji, ki ba direba ya taho da shi ko nawa ne. Kada ki tsaya dariya, Ajara. Yaron nan bai kai ga sona ba tukuna, gaisuwa kawai muka kai. In ragon nan ya mutu kafin hutu ya zagayo, ban san abin da zai sa a sake kiran wayata ran Juma'a ba.

Ki gaida Rafia da yara. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya ba mu tsawon rai, mu da abin da muke kiwo.

Taki mai jiran saƙo,
Barkisu.